Ɗan Naman Daji A Cikin Gida

Ina gaishe ku daga nan Zuru, ku mutanen Dabai da Rikoto da Senchi, da na Mahuta da Ribah da Dirin Daji, har zuwa Bena da Wasagu. Ina kuma gaishe da waɗanda wannan takarda za ta riska suna zaune a benci a ɗakin magani, suna jiran a kira su. Wanda ya iya karatu ya ɗan ɗaga murya, don na kusa da shi su ma su ji.

Maganarmu ta yau a kan 'ya'yan namun daji ce, irin waɗanda a kan tsinto a jeji a kawo gida a yi ta kiwo: ɗan biri, ɗan gada, kurege, gafiya, kunkuru, gauraka da makamantansu. Abin da na ke so ku riƙe shi ne wannan: tausayin dabba hali ne mai kyau, amma tsakar gida inda yara ke rarrafe ba mazaunin naman daji ba ne. Ku ba ni hankalinku in gaya muku dalili.

Yadda Su Kan Shigo Gida

Kowa ya sani, da kaka ta wuce, an girbe dawa an kai rumbu, ciyawa ta bushe, sai a shiga ƙunar daji da farauta. Wuta ta kan kori uwa ta bar ɗanta a baya. Wani lokaci manomi ne zai harbi birin da ke yi masa ɓarnar masara, ya je ɗauka, ya tarar da jinjiri manne a cikin uwar. Wani lokaci kuma yara masu kiwon awaki ne za su haƙa rami su fito da 'ya'yan kurege ko na gafiya, su zuba a hula su kawo gida. Akwai kuma wanda ya kan saya a hannun maharbi ran kasuwa, don ya ga abin ya ba shi tausayi.

Da an shigo da shi, sai gida ya ɗauki murna. A nemo tsumma a shimfiɗa masa, a ba shi madara da cokali, yara su raɗa masa suna. Kafin mako guda ya zama ɗan gida, yana cin tuwo a kwanon yara, yana kwana a tabarmarsu. Duk wanda ya yi haka da kyakkyawar niyya ya yi. To, amma ƙwayar cuta ba ruwanta da niyya.

Ba Ko Wane Tsintacce Ne Maraya Ba

Abu na fari da ya kamata a gaya wa yara shi ne, yawancin 'ya'yan dabbobin da a ke gani su kaɗai a ciyawa suna da uwa. Gada da mazo su kan ɓoye ɗansu a cikin duhuwa, su tafi kiwo, su riƙa komowa suna ba shi nono. Zomo ma haka ya ke yi. Ɗan ya kan kwanta lamo ba motsi, gama haka aka halicce shi don kada dila ko shaho su gan shi. Yaro ya zo ya gan shi, ya ce uwarsa ta mutu. Ashe tana nan kusa, ƙafar mutum kawai ta ke jira ta yi nisa. Wanda ya ɗauke shi a wannan hali shi ne ya mai da shi maraya.

Har wa yau, nonon saniya da madarar gwangwani ba su karɓi cikin yawancinsu ba. Sai zawo ya kama ɗan, ya rame, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Kuma wannan zawon a tsakar gida ya ke yinsa, inda a ke shanya tsaba, inda jariri ke wasa da ƙasa.

Cutar Da Ba A Gani

Ƙwayoyin cuta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, waɗansu ma ko madubin asibitinmu ba ya nuna su. Masana sun lissafa cewa cikin cututtuka goma masu yaɗuwa da a ka sani a jikin ɗan Adam, wajen shida dabba tana iya ba mutum su. Suna fita ta yawu, da fitsari, da kashi, da jini, da kuma kaska da ƙuma da ke jikin dabbar.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne, dabbar da ke ɗauke da cuta sau da yawa garau ta ke. Jikinta ya saba da ƙwayar, tana ci tana wasa, gashinta na ƙyalli. Saboda haka kada wani ya ce, "Ai na duba shi, lafiyarsa lau." Akuyarka da karenka akwai malamin dabbobi da ya san ciwonsu, akwai allurarsu. Ɗan birin da a ka ɗauko jiya daga dutse ba wanda ya san abin da ya taho da shi.

Haukan Kare

Zan fara da wadda ta fi duka muni. Sunanta haukan kare, kuma gaskiya ne kare ne ke ba mutane ita kusan ko yaushe. Amma duk dabba mai shayar da nono tana iya kamuwa: dila, yanyawa, tunku, muzurun daji, kura, biri, har jemage. Ƙwayar tana cikin yawu. In ta shiga ta wurin cizo ko yakushi, sai ta bi jijiya sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Ta kan yi wata biyu ko uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, kowa ya manta, sa'an nan zazzaɓi ya zo, wurin tabon ya riƙa zugi, mutum ya fara firgita, in ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe. Da an kai nan, sai dai a yi ta jinya, gama da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi.

An ƙiyasta wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 ko wace shekara a duniya, yawancinsu a Afirka da Asiya. Cikin goma da a ke ciza, wajen huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Dalili kuwa a fili ya ke: yaro ne ke wasa da dabba, shi ne gajere har cizon ya same shi a fuska ko a wuya, shi ne kuma ke ɓoye rauni don tsoron faɗa.

Ga wani abin lura. Naman daji mai lafiya gudun mutum ya ke yi. In kun ga dila ko yanyawa ta shigo gari da rana tsaka, ba ta tsoro, har ta tsaya a taɓa ta, ko kuwa jemage ya faɗo ƙasa yana birgima, to, ku yi nesa. Wannan sanyin hali sau da yawa alamar ciwo ce. Dabbar da ta fi sauƙin kamawa ita ce ta fi cancanta a ji tsoronta.

Ƙyandar Biri Da Labarin Gafiya

Ta biyu ita ce ƙyandar biri. An fara ganinta a 1958 a jikin biran da a ke tsare da su don bincike a ƙasar Denmak, daga nan sunan ya samo asali. A 1970 a ka fara samunta a jikin mutum, wani jariri a ƙasar Kwango. Amma masu bincike sun fi zaton gidanta na ainihi jikin kurege ne da gafiya da ire-irensu. A Nijeriya an ga 'yan kaɗan a shekarun 1970, sa'an nan ta yi shiru kusan shekara arba'in, sai ga ta ta ɓullo a Jihar Bayelsa cikin watan Satumba 2017, ta bazu zuwa waɗansu jihohi.

Ta kan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi, daga baya ƙuraje masu ruwa su feso a fuska da tafin hannu da sauran jiki. Dattawa za su ce ta yi kama da agana, kuma sun yi gaskiya, 'yan'uwan juna ne. Lambar da a ke yi wa mutane dā don agana tana ba da kariya daga wannan ma. Amma tun da a ka tabbatar agana ta ƙare a duniya a 1980, an daina lamba. Ku duba damtsen Baba za ku ga tabon, ku duba na jikokinsa ba za ku gani ba. Watau su yaran da ke rungumar kurege su ne ba su da wannan garkuwa.

Ku ji abin da ya faru a Amurka a 2003. Wani ɗan kasuwa ya yi odar ƙananan namun daji daga Gana don masu sha'awar kiwo a gida, cikinsu har da gafiya, irin tamu ɗin nan da ke haƙa gindin rumbu. Aka ajiye su kusa da waɗansu dabbobin ƙasar masu kama da kurege, su ma na sayarwa. Cutar ta tsallaka daga waɗannan zuwa waɗancan, aka sayar da su gida gida, sai ga mutum 47 sun kamu a jihohi shida. Ƙasa ce mai manyan asibitoci da likitocin dabbobi, duk da haka ba wanda ya gane dabbobin na ɗauke da ciwo sai da mutane suka kwanta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ɓera Da Jemage

Zazzaɓin Lassa ya sami sunansa daga garin Lassa na Jihar Borno, inda a ka fara gane shi a 1969, bayan ya kama ma'aikatan jinya na asibitin mishan. Wani ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da shi, yana zubar da ƙwayar cikin fitsari da kashi duk tsawon ransa, shi kuwa ko a jikinsa. Ciwon ya fi yawa da rani, daidai lokacin da wuta ke koro ɓeraye daga daji zuwa gida, kuma Jihar Kebbi ma an sha samunsa. Yana fara wa kamar zazzaɓin sauro, sai dai maganin zazzaɓin sauro ba ya jinsa. Waɗansu ya kan kai su ga zubar jini, waɗansu da suka warke su kan kurumce. Mace mai tsohon ciki ta fi kowa shiga haɗari. Yaron da ya kama ɗan ɓeran daji ya sa a gwangwani yana ba shi gyaɗa, ba shi da hanyar sanin ko wane iri ya kama.

Jemage kuma, kun tuna da Ebola. Wanda a ka fara sani da ciwon a wancan karo wani ƙaramin yaro ne a ƙauyen Meliandou na ƙasar Gini, cikin Disamba 2013. Masu bincike sun fi zaton daga jemagun wani kogon itace ne inda yaran ƙauyen ke wasa. Daga wannan ƙauye ɗaya ciwon ya kashe mutum fiye da 11,000 a Afirka ta Yamma. Ya iso Legas cikin Yuli 2014, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kafin a shawo kansa cikin Oktoba na shekarar. Don haka ku hana yara harbo jemage da gwafa suna wasa da shi, ku kuma hana su cin mangwaro ko kaɗanyar da jemage ya gatsa ya yar.

Kunkuru Da Tsuntsaye

Wani zai ce, "To, malam, kunkuru fa? Ba ya cizo, ba ya haushi." Haka ne. Amma kunkuru da kififiya da damo da guza suna ɗauke da ƙwayar zawo a hanjinsu, 'yar'uwar wadda ke kawo taifot. Tana fita cikin kashinsu, ta manne a ƙoƙon bayansu da ruwan da su ke kwanciya. Yaro ya shafa kunkuru ya sa hannu a baki, bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da amai da zawo. Babba ya kan jure, amma jariri ruwan jikinsa ya kan ƙare da sauri. Saboda wannan ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru waɗanda ba su kai inci huɗu ba tun 1975. Wanda ya ajiye kunkuru kusa da randa ko bakin rijiya, ya san abin da ya ajiye.

Aku da 'yan'uwansa suna da wani ciwon huhu da mutum ke shaƙa cikin ƙurar busasshen kashinsu sa'ad da ya ke share keji. A 1929 da 1930 cinikin aku ya baza shi a Turai da Amurka, ɗaruruwan mutane suka kwanta, da dama suka mutu. Sai kuma murar tsuntsaye. Cikin Fabrairu 2006 a ka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, aka hallaka kaji masu yawan gaske. Tsuntsun daji marar lafiya da yaro ya tsinto a fadama ya sa a akurki yana iya share kajin gida da zabi gaba ɗaya. Uwargida, wannan jarinki ne, ke ya kamata ki fara cewa a'a.

Ku sani kuma cuta tana bin hanya biyu. Tarin fuka da ƙyanda da murarmu suna kama biri, har su kashe shi. Birin da ya ɗauki tarin fuka wurin wani mai tari a gida yana iya mayar wa yara da shi.

In Ya Girma

A ce ma dabbar ta tsira, ba ta ba kowa ciwo ba. Saura hali. Hausawa sun ce hali zanen dutse. Ɗan biri yana da daɗin sha'ani shekara biyu ko uku na fari. Da ya balaga sai fiƙoƙinsa su fito, ya fara neman girma a gida yadda zai nema cikin garke. Ba ya taɓa maigida, gama ya san ya fi ƙarfinsa. Ƙaramin yaro ya ke fara gwadawa, ko baƙo, ko matar da ta zo ɗaukar kwano a gabansa. Irin raunin da a kan kawo mana ɗakin magani ke nan: yatsa, kunne, kumatu. Kuma ko yaushe maganar iyaye ɗaya ce, "Bai taɓa yi ba." Sabo turken wawa.

Daga ran nan sai a ɗaura masa sarƙa a ƙugu a gindin mangwaro. Biri kuwa ya kan yi shekara ashirin a duniya. Dabbar da a ka halitta don ta yi yawo cikin 'yan'uwanta a kan duwatsu, ta ƙare ranta a igiya taku uku, sarƙa ta ci mata fata, yara na jifa. Wanda ya ɗauko ta don tausayi ya duba ya ga inda tausayin ya kai ta.

Namijin gada da a ka shayar da hannu shi ma ya kan daina tsoron mutum, in ya girma ya soki yaro da ƙaho, ƙahon kuwa kamar basilla ya ke. Gauraka da masu hali ke ajiyewa don ado da wuya ta hayayyafa a tsakar gida, ko wace ɗaya da a ka kama ragi ce a daji, har ta kai yanzu ganinta a fadamun Nijeriya ya yi wuya ƙwarai. Gardawa masu yawo da kura da bika kasuwa kasuwa kuwa, ku yi kallo daga nesa. Kada a ɗora yaro a bayan kura wai don ya yi saurin tafiya. Yaron da ya makara bai yi tafiya ba, a kawo shi awo mu duba abincinsa da ƙafafunsa.

In An Yi Cizo Ko Yakushi

Wannan sashe ku haddace shi, ku koya wa na gida.

Na ɗaya, a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa yana gangarewa, har minti 15. Ku duba agogo ko waya, gama minti 15 ya fi yadda a ke zato tsawo. Ko wane sabulu ya yi, har sabulun salo. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗari ƙwarai.

Na biyu, in akwai aidin ko sifirit a shafa. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko ruwan batir, ko gashin dabbar da a ka ƙona. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A rufe da tsumma mai tsabta sako-sako.

Na uku, a zo ɗakin magani ran nan, ko da raunin ɗan ƙarce ne, ko lasa ce a kan gyambo. A gaya wa malamin asibiti gaskiya: wace dabba ce, yaushe, ina a ka samo ta. Ba mai kama ku don kun faɗa. Za a duba maganar allurar sarƙewar haƙora da maganin hana rauni ruɓa.

Na huɗu, allurar riga-kafin haukan kare. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara gwada ta a kan wani yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza, yaron ya rayu. Ta yanzu ta fi waccan kyau nesa, a damtse a ke yi, ba irin ta dā mai yawa a ciki ba. Ana yin ta fari ran da a ka zo, sa'an nan rana ta 3, da ta 7, da sauran yadda likita ya rubuta. In raunin mai zurfi ne, ko a fuska ko a hannu, akwai wata allura dabam da a ke yi a bakin raunin. Mai ciki da mai goyo da jariri duk ana yi musu. Ba ko wane ɗakin magani ke ajiye ta ba, gama sai da firji, don haka in an tura ku Babban Asibitin Zuru, ko Birnin Kebbi, ku tafi ran nan. Na san tana da tsada, ga kuɗin mota. Amma in ta kama a sayar da akuya, a sayar. Akuya tana da madadi. Kuma wanda ya fara ya ƙarasa, rabin allura ba ta tsare kowa.

Na biyar, in kare ne ko kyanwa ta gida, a ɗaure a lura da su kwana goma, amma kada a jira kwana goman kafin a fara allura. Wannan lissafi na kwana goma bai shafi naman daji ba. A kira malamin dabbobi, shi zai san abin yi. Kada a feɗe dabbar, kada a ci.

Bayan haka, duk wanda ya yi zazzaɓi ko ƙuraje cikin mako uku bayan ya taɓa naman daji, mai rai ko mushe, ya zo asibiti ya ambaci dabbar tun kafin a tambaye shi. Wannan kalma ɗaya tana iya sa a gane ciwon da wuri, a kuma tsare masu jinyarsa.

Wanda Ya Riga Ya Ke Da Ita A Gida

Maigida, in akwai irin wannan dabba a gidanka yau, kada ka firgita, kada kuma ka kwance ta ka kora bayan gari. Birin da ya saba da tuwo bai san abincin daji ba, garke ba zai karɓe shi ba, gonakin maƙwabta zai faɗa wa, ya ciji ɗan wani. Abin yi shi ne ka raba ta da yara tun yau. A fitar da ita daga ɗakin kwana da madafa, a ware mata kwano, babban mutum guda ya riƙa kula da ita, ya sa hannu cikin leda in zai share kashinta, ya binne, ya wanke hannu da sabulu. Mai ciki da yara ƙanana da tsofaffi da mai doguwar jinya kada su kusance ta.

Sa'an nan ka je ofishin malamin daji ko na malamin dabbobi a ƙaramar hukumarku, ko Zuru ce, ko Fakai, ko Sakaba, ko Danko-Wasagu. Ka gaya wa mai unguwa ko dagaci ya raka ka in kana jin nauyi. Su ne za su bincika ko dabbar za ta iya komawa daji, ko kuwa akwai wurin da zai karɓe ta, kamar ma'aikatan Gandun Dajin Tafkin Kainji mai sassa biyu, Borgu da Zugurma, ko gidan namun daji na Audu Bako a Kano.

Ku sani kuma akwai doka. Tun 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji, wadda ta hana kama waɗansu dabbobi ko tsare su sai da lasin. A 1985 Gwamnatin Tarayya ta yi tata a kan dabbobin da ke neman ƙarewa, a 2016 aka ƙara nauyin tararta. Kuma kada ku sayi ɗan dabba wurin maharbi wai don ku cece shi. Kuɗin da ka ba shi yau shi ne kuɗin harsashin da zai harbi wata uwar gobe.

Wanda ke son kiwo, ga zomon gida, ga tantabara, ga zabi, ga awaki. A ba yaro ɗan akuya ya zama nasa, ya koyi tausayi, ya kuma sami riba. Karnukan farauta da na gadi a kai su allura tun suna wata uku, a kuma maimaita ko wace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda a ka kafa tun 1924, tana yin wannan allura a nan ƙasarmu. Karen da a ka yi wa allura katanga ne tsakanin daji da 'ya'yanku. Ran 28 ga Satumba ko wace shekara ita ce ranar tunawa da yaƙi da haukan kare a duniya, ku riƙa sauraron sanarwa wajen wannan lokaci.

Mutanen ƙasar nan ba baƙin zama da namun daji ba ne. A Girmache, nan Zuru, akwai kadojin da a ka daɗe ana girmamawa, amma a ruwansu a ka bar su, ba wanda ya ɗauko su ya kai tsakar gida. Mu yi koyi da wannan. Ku rage ƙunar daji barkatai, gama ita ce ke raba uwa da ɗa. In yaro ya ga ɗan gada kwance a ciyawa, ya kalla, ya ja awakinsa ya wuce. In ya ga mai rauni, ya zo ya gaya wa babba, babba ya gaya wa malamin daji. In kuwa an yi cizo, sabulu da ruwa minti 15, sa'an nan asibiti ran nan. Riga-kafi ya fi magani.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Mai tambaya ya kawo ta ɗakin magani ran awo, za mu amsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana yaranmu.